Peter Obi Da Maganar Noma: Wa Zai Yi Mana Maganar Hanya Da Kasuwa?



Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan ra'ayin ɗaya daga cikin waɗanda suka nemi shugabancin ƙasar nan a 2023 game da tattalin arziki, wato Peter Obi, tsohon gwamnan Jihar Anambra, wanda ya tsaya takara a jam'iyyar LP. Tun kafin wani ya yi mini fassara, ni ba ɗan kamfe ɗinsa ba ne, ba ni kuma da wata jiƙaƙƙiya da shi. Na ɗauko maganarsa ne saboda a ganina cikin manyan 'yan takara huɗu babu wanda ya kai shi yawan ambaton noma da ƙasar noma ta Arewa, sannan shi ne ya zo na ɗaya a nan Legas inda muke zaune. Bugu da ƙari mutumin haifaffen Anacha ne, kuma da bakinsa yake kiran kansa ɗan kasuwa. To idan ɗan kasuwa ya baza haja, ai ba laifi ba ne 'ya'yan 'yan kasuwa su ɗora ta a sikeli.

Ni dai a Legas aka haife ni, a nan na yi sakandare, mahaifina kuma ya daɗe yana sana'ar gwari a Mile 12, albasa da tumatir da tattasai. Ɗan abin da na sani na tattalin arziki a bakin mota na koye shi, wajen ƙirga buhu da rubuta bashi. Da wannan ido nake kallon maganar, kuma abin da na gani shi ne, akwai gaskiya a zancen Obi, amma a bakin gona ya tsaya. Mu kuwa da muke zaune a Legas da Badun da Anacha da Fatakwal, abincinmu yana tsakanin gona ne da tukunya.

Bari mu fara da abin da ya faɗa, don kada a ce mun yi masa ƙage. Jigon maganarsa a lokacin yaƙin neman zaɓe shi ne, Najeriya ƙasa ce da ta saba da ci ba ta saba da samarwa ba, muna ciwo bashi muna cinyewa, muna shigo da abin da za mu iya nomawa, don haka dole a juya akalar ƙasar daga ci zuwa samarwa. Ya sha nanata cewa babbar kadarar da ƙasar nan ta mallaka ita ce faffaɗar ƙasar noma ta Arewa wadda har yanzu ba a nome ta ba, kuma za a iya samun kuɗi daga noma fiye da abin da ake samu daga man fetur. Misalin da ya fi so shi ne na Jihar Neja. Faɗin jihar ya haura murabba'in kilomita 76,000, wato ta kusa ninka ƙasar Holan sau biyu, amma Holan tana sayar wa duniya kayan gona na sama da yuro biliyan 100 a shekara, Neja kuwa tana jiran kason wata daga Abuja. Ya kuma ce zai rage kuɗin da ake kashewa wajen tafiyar da gwamnati, zai cire tallafin mai wanda ya kira shi sata ce da aka tsara, kuma zai fara da tsaro domin manoma su koma gonakinsu.

A gaskiya duk ɗan Arewa mai adalci da ya ji wannan zai gyaɗa kai. Mun daɗe ana gaya mana a tasha da cikin mota cewa mu cima-zaune ne, wai man Kudu ne ke riƙe da mu. Sai ga mutumin Kudu ya hau mumbari yana cewa arzikin ƙasar nan na gaba yana ƙarƙashin ƙafar manomin Kabi da Jigawa da Taraba. Maganar tsaro ma gaskiya ce da ba ta buƙatar rantsuwa. Ba mu manta da manoman shinkafa sama da 40 da aka yi wa yankan rago a Zabarmari ta Jihar Borno a watan Nuwamba na 2020 ba, kuma mun san ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato inda sai manomi ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Idan ba a noma a can, mu a nan ba mu da abin sayarwa. Har nan ina tare da shi.

To amma ba nan gizo ke saƙar ba. Maganar a koma gona ba Obi ne ya fara ta ba. A watan Nuwamba na 2015 shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Jihar Kabi. A ƙarshen 2016 muka ga shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kabi a kasuwa, daga baya ta ɓace kamar ba a yi ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don a kare manomin gida. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja. A ɓangaren namu na gwari, an buɗe kamfanin tumatirin gwangwani na Dangote a Kadawa ta Jihar Kano a 2016, wanda aka gina shi ya riƙa murƙushe tan 1,200 a rana, amma ya yi ta buɗewa yana rufewa. Duk da waɗannan, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani wuri da abin ke zubewa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ita kanta Holan ɗin da ake ba mu misali da ita, ba faɗin gona ne ya ɗaukaka ta ba, tunda ba ta da shi. Tana da Rotterdam, tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, tana da hanyoyi da layin dogo da ɗakunan sanyi, har ma wani kaso mai yawa na abin da take fitarwa ba a gonarta aka noma shi ba, shigo da shi ake yi a gyara a sake turawa gaba. Wato dai rabin sirrinsu fatauci ne, sana'ar iyayenmu. Idan za a kwatanta Neja da Holan, to a kwatanta har da hanyar Makwa zuwa Jebba.

Mai karatu, mu bi tirela ɗaya mu gani. An yi lodin tumatir a Kwanar Gafan, an nufo Ikko, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000. Direba zai yanke shawara ko ya bi ta Birnin Gwari ya sa ransa a hannun Allah, ko ya zagaya ta Minna da Bida ya ƙara gas ya ƙara kwana. Ko ta ina ya bi, sai ya faɗo Makwa, ya tsallaka Kwara a Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo da Badun. Idan hanya ta yi daɗi, kwana biyu ya iso. Idan wata mota ta faɗi ta tare hanya, ko gada ta samu matsala kamar yadda ta faru a Tatabu a 2017, ko ambaliya irin wadda ta afka wa Makwa a watan Mayun 2025 ta kashe mutane sama da 150, to sai dai a yi ta kiran waya ana ba juna haƙuri. Albasa tana iya jurewa. Tumatir da aka danƙara a kwando, aka ɗora kwando kan kwando, rana ta buga shi kwana huɗu, kafin a kwance igiya ruwansa ya riga ya fara ɗiga ta ƙarƙashin mota. Masana sun sha ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan lalacewa yake yi kafin ya isa tukunya. Mu da muke kwashe ruɓaɓɓen da shebur ba ma musun wannan lissafi.

Sai kuma shingaye. Tun daga inda aka yi lodi har inda za a sauke, akwai mai karɓar kuɗin jiha, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na duba amfanin gona, akwai na ƙungiya, akwai kuma wanda bai da riga bai da rasit, sai gora da katako mai ƙusa. Tun 1998 gwamnatin soja ta yi dokar da ta haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, amma duk yaron motar da ka tambaya zai ƙirga maka su da sunan garuruwa. Kowane tsayawa kuɗi ne, kuma lokaci ne, lokaci kuwa shi ne ran kayan gwari.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne yadda ake raba wannan asara. Sana'armu a kan amana take tafiya. Sau da yawa manomi ko mai kaya yana can gida, ya turo kaya hannun dillali, sai an sayar an cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada sannan a aika masa da abin da ya rage. Akwai ranar da Baba yake daɗewa yana juya waya a hannu kafin ya kira mai kaya, saboda abin da aka sayar bai rufe kuɗin mota ba. Wannan manomi baɗi ba zai shuka kamar bana ba. A lokacin rani, wajen Fabrairu da Maris, tumatir yakan yi yawa har a bar shi a gona don kuɗin kwando ya fi kuɗin abin da ke ciki, sannan da damina ta kama sai ya yi tsadar da uwargida a Ketu za ta koma na leda. Idan aka ninka noman alhali hanya da ajiya suna yadda suke, ruɓa kawai aka ninka. Gaskiya ne akwai zancen tituna da layin dogo a cikin alkawuran Obi, kamar yadda yake a cikin na kowa, amma a dunƙule yake. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kakanninmu sun yi safarar shanu da goro a cikinsa. A 2016 an gwada ɗauko shanu daga Gusau zuwa Legas a jirgi, aka yi ta ɗaukar hoto, daga nan shiru. Sabon layin da aka buɗe a 2021 daga Legas a Moniya ta Badun ya tsaya. Ɗan takarar da ke son manomin Arewa ya yi arziki, nan ne ya kamata mu ji ya faɗi wata da shekara.

Yanzu mu zo ga maganar kuɗi, inda aka gwada ra'ayin 'yan takara tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da canza fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga ƙarshen Janairu zuwa Maris na 2023 kowa ya san abin da ya gani. Matan da ke zuwa sari da asuba da tsabar kuɗi suke zuwa. Ɗan dako tsaba ake ba shi. Manomin da ke ƙauyen da babu banki babu sabis tsaba yake so. Sai aka wayi gari ga kaya ga mai saye, babu abin biya. A tura kuɗi ta waya su maƙale, masu POS kuma su yanka abin da suka ga dama. Mai sayar da atamfa zai iya rufe shago ya jira wata guda, mai tattasai ba zai iya jiran jibi ba. A cikin wannan hali Obi ya fito ya roƙi jama'a su yi haƙuri, yana cewa canjin kuɗi yana zuwa da wahala amma yana da amfani a gaba. Ban ce ya faɗi haka da mugun nufi ba, amma ɗan kasuwar da ya yi wannan magana da lissafin kwantena da banki ya yi ta, bai yi ta da lissafin kwando ba.

Haka batun tallafin mai. Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire shi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin a 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya sanar da cire shi a jawabin rantsuwa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Daga baya Obi ya ce shi da a hankali zai cire, bayan ya yi tanadi. Wannan magana ce da babu yadda za a gwada ta tunda bai hau ba. Abin da nake so 'yan uwa su lura da shi shi ne, manyan motocinmu ba fetur suke sha ba, gas suke sha, shi kuma babu tallafi a kansa tun da daɗewa. A cikin 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litarsa ta tashi daga wajen naira 300 zuwa wajen 800, ana tsakiyar kamfe, amma hayaniyar duk a kan fetur take. Mu an buge mu sau biyu ke nan. Gas ya ƙara mana kuɗin mota, fetur kuma ya cinye aljihun mai saye, wadda take ɗaukar kwando ta koma rabi, mai rabi ta koma roba.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyar ɗan Arewa mazaunin Kudu, wanda masu lissafin tattalin arziki ba sa sa shi a lissafi, wato ko za ka kwana da ranka da rumfarka. A watan Maris na 2016 rikici ya tashi a Mile 12, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwa. A Fabrairun 2021 aka yi na Shasha a Badun, daga 'yar taƙaddama a kasuwa aka ƙone shaguna da gidaje, har gwamnonin Kano da Kabi da Neja da Zamfara suka taso suka zo. Bayan haka ne haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Me muka gani? Farashi ya yi sama a Legas, a Arewa kuma tumatir ya zube a ƙasa babu mai saye. Kowa ya ji a jikinsa, aka gane cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure mu. Sai kuma a Maris na 2025 aka tare matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka kashe su. Duk ranar da irin wannan ta faru, direbobi sukan ƙi lodi, masu kaya su riƙe kayansu, iyaye mata a gida su yi ta kira a dawo. Yaya za a yi maganar samarwa a ƙasar da mai kai kayan yake tsoron garin da zai kai?

Kuma don Allah kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Ɗan Ibo mai shagon kayan mota a Sabon Garin Kano, da Bayerabe mai ɗinki a Kaduna, su ma sun sha kwana da takalmi a ƙafa, su ma an ƙona musu dukiya a rigingimun da ba su san mafarinsu ba. Idan muna so a ji kukanmu a nan, dole mu ma mu ce wani abu ranar da aka taɓa baƙo a garuruwanmu. Shi kansa Obi ya san wannan ciwo. A watan Yulin 2013 gwamnatin Legas ta kwashi wasu mutane ta kai su Anacha ta sauke, shi kuma a matsayinsa na gwamnan Anambra ya rubuta wa shugaba Jonathan takardar koke, daga baya gwamna Fashola ya ba da haƙuri. A zaɓen gwamna na Maris 2023 ma mun ga yadda aka riƙa tsorata 'yan ƙabilarsa a wasu rumfunan zaɓe a Legas, ana ce musu baƙi. Saboda haka na so a ce batun ɗan ƙasa da baƙo ya zauna a tsakiyar maganarsa ta tattalin arziki, daidai da batun ƙasar noma, domin babu wanda ya fi Bahaushe da Ibo yawo da jari a garin wasu.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina a sashe na 43. A takarda ke nan. A zahiri, irina da aka haifa a nan, iyayenmu suka biya haraji da kuɗin rumfa shekara da shekaru, ranar da za mu nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce mu kawo takardar shaidar asali. Sai ka hau mota ka tafi garin da ba ka zuwa sai da salla, can ma a dube ka a ce ɗan Legas ne. Nan baƙo, can baƙo. Yaran da suka rasa makaranta ta wannan hanya su ne suke komawa acaɓa, sai ga shi a Yunin 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas, a Satumba aka ƙara huɗu har da Kosofe inda Mile 12 take. A shekarar ce kuma aka ba mutanen Alaba Rago wa'adin tashi. A Oktoban 2023 aka rufe Mile 12 na 'yan kwanaki saboda ƙazanta. Ba na cewa gwamnati ba ta da hujja ko kaɗan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, duk wanda ya shiga kasuwarmu da damina ya san akwai gyara a wajenmu. Abin tambaya shi ne, lokacin da ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, wa ke zaune a teburin da zai ce ga yadda abin zai shafi mutanenmu?

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Yawancin abubuwan da na lissafa, kuɗin rumfa, shara, acaɓa, tashin kasuwa, makarantar unguwa, ba shugaban ƙasa ke yanke su ba. Gwamna ne da ciyaman da kansila. Amma da zarar zaɓe ya matso sai ka ga motoci cike da 'yan uwa an nufi gida, wasu don katinsu na can ne, wasu don tsoron abin da ka iya biyo baya. Mu zaɓi ciyaman a garin da muke kwana goma a shekara, mu bar wanda ke da makullin kasuwarmu bai san da zamanmu ba. Ku duba lissafin nan. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai 10,000 ba, a jihar da mutum sama da miliyan 7 suka yi rajista. Mutanenmu da ke Agege da Mile 12 da Idi Araba da Obalende da Alaba, su nawa ne? Hukumar zaɓe ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune. 'Yan Ibo sun gane wannan, shi ya sa a 2015 aka ga sun ci kujerun majalisar wakilai daga Legas. Kafin a ce ba zai yiwu ba, a tuna cewa a shekarun 1950 wani bafatake mai sana'ar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'a ya hau.

Ina kuma roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, cikin ladabi, a sake duba yadda ake karɓar 'yan takara. An saba ɗan takara ya zo, a sa masa babbar riga da hula, a ba shi sarauta, ya ajiye buhunan shinkafa da ambulan, a ce an yi mubaya'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka zo da buldoza, wanda ya karɓi ambulan ba shi da bakin magana. Da a ce takarda ake miƙa masa a gaban jama'a, a karanta da Hausa da Yarbanci da Turanci, ya amsa da bakinsa a naɗa a waya, da ko bai cika ba muna da abin tuna masa.

Ga irin tambayoyin da nake ganin ya kamata su shiga wannan takarda, ko Obi ne ya zo, ko wanda ke kan mulki, ko wani sabo. Yaushe za a gama hanyar da ta haɗa Arewa da Legas ta Makwa da Jebba, kuma yaushe jirgin kaya zai riƙa tashi daga Kano a kan ƙa'ida? Shingaye nawa zai bari a hanya, kuma wa za mu kira idan aka tare mota? Me zai yi game da kuɗin gas na motocin abinci? Ina ɗakunan sanyi da rumbunan albasa, a can wajen lodi da nan wajen saukewa, kuma wa zai taimaka a koma zuba tumatir a kiret na roba maimakon kwando? Idan za a tashi kasuwa, za a nuna mana sabon wuri kafin a rushe tsohon? Idan aka ƙone wa mutum shago a rikici, wa zai biya shi, kuma wa za a gurfanar? Yaron da aka haifa a jiha ya girma a cikinta, yaushe za a daina tambayarsa takardar garin kakansa?

Wanda ya iya amsa waɗannan, to ya san tattalin arzikin da muke ciki. Peter Obi ya yi abin a yaba da ya tuna wa ƙasar nan darajar gonar Arewa, kuma ina fata sauran 'yan siyasa, musamman namu na gida da suka fi shi kusa da gonar, za su ji kunya su ɗauka daga nan. Saura a biyo kayan har kasuwa, a ga mutanen da ke ɗauke da su. Mu kuma mu je mu gyara katinmu tun kafin a buga gangar zaɓe, mu tsaftace rumfunanmu, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo, don ranar da za mu yi magana a same mu da baki.

Wannan fahimtata ce, wanda yake da wadda ta fi ta ƙofa a buɗe take, musamman direbobi da 'yan uwa na Badun da Anacha da Fatakwal waɗanda suka fi ni sanin halin da ake ciki a wurarensu. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa.